Daga Funtua zuwa mazaɓu 361: wa zai gyara famfon idan ya lalace?

Tun da gwamnatin jihar Katsina ta fito da shirin raya al'umma wanda aka ce zai sauka har mazaɓu 361 na ƙananan hukumominmu 34, nake ganin mutane sun rabu gida biyu. Wasu na cewa an zo da abin da ba a taɓa yi ba, wasu na cewa siyasa ce zalla. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da bakin shiga siyasa, kuma abin da zan faɗa ra'ayina ne na ƙashin kaina. Amma na daɗe ina bin irin waɗannan ayyuka ƙauye-ƙauye, kuma na san cewa maganar a bar jama'a su zaɓi aikin da suke so ba baƙuwa ba ce a Katsina. Mun gwada ta, ba sau ɗaya ba. Akwai inda ta yi kyau, akwai inda ta ci tura. A yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Bari mu fara daga 1975. A shekarar ne gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe manyan shirye-shiryen noma guda uku a Arewa: Funtua, Gusau da Gombe. Lokacin babu ma jihar Katsina, sai a 1987 aka cire mu daga Kaduna. Shirin Funtua ya yi hanyoyin burji, ya gina ƙananan madatsun ruwa, ya buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, ya baza malaman gona cikin karkara. Kada mu ci amanar tarihi, ya yi amfani. Masarar da ke cika kasuwannin Dandume da Bakori a yau, yaɗuwarta na da alaƙa da wancan zamani. Sai dai komai daga ofis aka tsara shi. Ƙwararru ne suka yanke abin da manomi ke buƙata, kuma suka fi mayar da hankali kan manomin da suke ganin zai iya ɗaukar sabon tsari, wato mai gona babba da kuɗin taki. Masu bincike da dama sun yi ta sukar shirin a kan haka, cewa mai ƙarfi ne ya ƙara ƙarfi.

Abin mamaki, kafin a fara shirin Funtua an riga an rubuta gargaɗin, kuma a nan bakin ƙofarmu aka rubuta shi. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa a 1967, ta bi gida-gida da gona-gona, littafinta ya fito a 1972. Abin da ta nuna shi ne ƙauye ba mutum ɗaya ba ne. A gari guda akwai mai rumbun da ke kai shi wata kaka har ya sayar lokacin tsada, akwai kuma wanda talauci ya hana shi noma gonarsa, domin da damina ta faɗi sai ya tafi ƙwadago gonar wani don a ɗora tukunya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan, ba sai Bature ya faɗa masa ba. Amma da mun shiga ofis sai mu manta, mu rubuta "al'umma" kamar sunan mutum ɗaya ne mai baki ɗaya.

Zamanin Babangida aka zo da DFRRI a 1986, da Better Life ta Maryam Babangida a 1987. An yi hanyoyi, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an ja lantarki. Tsarin dai bai canza ba: kwangila daga sama, ɗan kwangila ya zo da motocinsa, ya gama ko bai gama ba ya kafa allo ya tafi. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, mutanen gari su ce na gwamnati ne, gwamnati ta zo ta gyara abinta.

Canjin tunani daga waje ya zo. A 1998, shekarar da Suharto ya sauka daga mulkin Indonesiya, aka fara wani shiri a can wanda ke tura kuɗi kai tsaye zuwa ƙauyuka ba tare da sun bi ta hannun manyan jami'ai ba. Mutanen gari su zauna su zaɓi aiki, su riƙe kuɗin, su liƙa lissafi a allo kowa ya gani. Bankin Duniya ya ga abin ya karɓu, sai ya dinga yaɗa shi ƙasa-ƙasa. Da ya iso Najeriya, Katsina na cikin sahun gaba. Zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa aka fara shirin IFAD na raya karkara ta hannun al'umma a 2003, wanda ofishin da ke kula da duk jihohin da ke ciki ya kasance a nan birnin Katsina. A 2004 LEEMP ya fara aiki a jihohi tara, har da tamu. A 2009 aka haɗe LEEMP da wani shirin makamancinsa suka zama CSDP, da rancen dala miliyan 200 a karon farko, kuma ya ci gaba har zuwa 2021.

Ga yadda abin ke tafiya, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Gari zai rubuta takardar neman shiga. Ma'aikata su zo a yi taro, a jera matsalolin gari, a zaɓi waɗanda suka fi damun mutane. Sai a zaɓi kwamiti daga cikin mutanen garin, da shugaba da sakatare da ma'aji, su buɗe asusu a banki. Gari ya kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko tsabar kuɗi, ko yashi da tsakuwa da ƙarfin samari. Sauran a biya kashi-kashi, ba a sakin na gaba sai an ga abin da aka yi da na baya. Kwamitin ne ke sayen siminti da kwano, shi ke ɗaukar magini.

Wallahi na ga abin burgewa a wannan tsari. Na ga ajujuwan da mutanen gari suka gina da kuɗin da ɗan kwangila ba zai ko saurare ka a kansu ba, kuma gininsu ya fi ƙarko, saboda mai sa ido a kan kwaɓin siminti ɗansa ne zai zauna a ajin. Ai aikin gayya ba Bankin Duniya ya koya mana ba. Don haka masu cewa baƙauye bai san abin da yake so ba, ko ba zai iya riƙe kuɗi ba, ban yarda da su ba ko kaɗan.

Matsalar a wani wuri take, kuma zan ba da misali da kuskuren da ni kaina na yi.

Akwai wani gari a arewacin jihar nan, ba zan faɗi sunansa ba. Mun je taro ƙofar gidan maigari. Maza sun cika wuri, dattawa a gaba kan tabarmi, samari a tsaye a baya. Mata suna cikin gida, aka ce an wakilce su. An zaɓi rijiyar burtsatse mai aiki da sola, kuma zaɓin ya yi daidai, don garin na fama da ƙishirwa da rani. Da aka zo maganar kashi 10, sai aka yi tsit, lokacin bazara ne, rumbuna sun yi ƙasa. Sai wani Alhaji ya ce shi zai biya duka, kuma ya ba da fili kusa da gidansa. Aka yi kabbara, aka yi masa addu'a. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don an rage mini zirga-zirga, na sa hannu a takarda cewa al'umma ta cika sharaɗi.

Ruwa ya zo, aka yi biki. Bayan kamar shekara biyu injin da ke cikin rijiyar ya ƙone. Na koma garin kan wani aiki daban, na tarar da tanki a bushe, yara na tafiya tafki da jarkoki. Na tsaya gaida wata tsohuwa da ke zaune a inuwa, na ce, "Inna, me ya hana ku haɗa kuɗi ku gyara? Ai naku ne." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, namu? Wanga famfon Alhaji ne. Wa ya tambaye mu inda za a haƙa shi? Mu da ke bayan gari, shi da tafki duk tafiya ɗaya ce." Ban sami abin cewa ba. Alhajin ba mugu ba ne, taimako ya yi da zuciya ɗaya, kuma a lokacin kasuwa ta juya masa baya. Amma ranar da ya biya kuɗin nan shi kaɗai, ranar famfon ya tashi daga hannun gari. Kashi 10 ɗin an sa shi ne don kowa ya ji a jikinsa, ni kuma na mayar da shi layin da ake cikewa a takarda. Sannan masu ɗibar ruwan, mata da yara, ba su cikin taron.

A wani garin kuma, bai fi tafiyar rabin awa daga can ba, irin rijiyar ce, kusan lokaci guda aka yi su. Su sun yi karo-karo gida-gida, wanda ba shi da kuɗi ya kawo yashi da jakinsa. Tun kafin ruwa ya zo suka yanke cewa kowace jarka za a biya ɗan abu kaɗan, suka ba wata malamar Islamiyya riƙon littafi, ana karanta lissafi bayan sallar Juma'a a ƙarshen wata. Injinsu ma ya ƙone. Cikin mako guda suka kira mai gyara daga Katsina.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gari ko da sun haɗa kai. Jama'a za su iya gina asibitin sha-ka-tafi, amma ba za su iya ɗaukar ma'aikaciyar jinya su biya ta albashi ba. Za su gina aji, malami kuma sai an turo. Nawa ne irin waɗannan gine-gine da ke kulle, awaki na kwana a barandarsu? A takarda, ƙaramar hukuma ce ke sa hannu cewa za ta kawo ma'aikata da magani. A aikace kowa ya san halin da ƙananan hukumomi suka daɗe a ciki. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. In har hakan ya tabbata, nan ne wurin farko da ya kamata a ga bambanci. Ban ma taɓo yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Faskari ba, inda 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwa da dama, kwamitin da aka horar yau ɗaya na Katsina, ɗaya ya tsallaka Maraɗi.

Wani abu kuma da masu ƙaunar tsarin nan ba su cika son ji ba: sa idon jama'a kaɗai ba ya hana sata. A can Indonesiya ɗin, wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Benjamin Olken, ya yi gwaji a ƙauyuka sama da 600 da ke aikin hanya. Har haƙa hanyoyin aka yi don a auna kayan da aka zuba, a gwada da abin da aka rubuta. Inda aka sanar tun farko cewa tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuɗin da ke ɓacewa sun ragu sosai. Inda aka ƙara gayyatar mutane taro kawai, bambancin kaɗan ne. Wannan bai ba ni mamaki ba. A ƙauyenmu wa zai miƙe a gaban jama'a ya ce wa surukinsa ko mai ba shi bashin hatsi, ina ragowar siminti? Kunya da bashi sun rufe bakin mutane da yawa. Dole sai da baƙon ido daga waje, wanda ba ya cin tuwon kowa a garin.

To, yanzu da ake maganar mazaɓu 361, ni ba yawan ayyukan da za a ƙaddamar nake jira in ji ba, don ƙaddamarwa mun iya ta tun 1975. Ina so in ji ko za a zauna da mata daban, a lokacin da suke da sarari, ba a ce an wakilce su ba. Ina so in ji ko za a daina karɓar gudummawar gari daga aljihun mutum ɗaya, ko ɗan siyasa ne ko attajiri, kuma a karɓe ta da kaka lokacin da mutane ke da abin bayarwa. Sannan kafin a saki kashin ƙarshe na kuɗi, a nuna asusun gyara da sunan mai riƙe littafi, a nuna takardar turo malami ko ma'aikacin lafiya da sunansa, ba alkawari ba. Mu ma ma'aikata a daina auna mu da yawan takardun da muka rufe. A koma garin bayan shekara uku a buɗe famfo a gani, in babu ruwa a kira wanda ya sa hannu. Da an yi haka a wancan lokacin, da ni aka fara kira.

Watan jiya na bi ta hanyar garin nan na farko. Tankin na nan a kan ƙarafunansa, an cire faifan sola guda biyu, allon da ke ɗauke da sunan aikin ya kode har ba a iya karanta shekarar. Na tambayi Inna, aka ce ta rasu bara. Allah Ya jiƙanta.