Tseren La'asar a Kan Shuɗin Nilu

Ina ɗan shekara goma sha uku kawuna ya kama hannuna muka gangara bakin kogi a Hartum, ya danƙa ni ga wani dattijo da ke kankare tsatsa a jikin ƙaramin jirgi. Ya ce masa, "Rayyis, ga ɗanka nan, a koya masa ruwa." Dattijon ya miƙo mini gwangwani ya ce, "Yaro, fara da kwashe wanda ya taru a cikin jirgin." Ta wannan ƙofa na shiga kulob ɗin masu jiragen filafili na Shuɗin Nilu. Kakannina suna cikin waɗanda suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a gaɓar wannan kogi. Ruwan da ya wuce ta ƙofar garin Mai Wurno shi ne yake isowa Hartum, don haka ban taɓa jin baƙunta a kansa ba.

Turawan mulki ne suka kafa kulob ɗin a 1926, kuma mazauninsa na farko jirgin yaƙi ne mai suna Malik. A Landan aka ƙera shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a kan Nilu, ya rako rundunar Kitchener zuwa Karari, inda ranar 2 ga Satumba, 1898, aka kashe Ansar ɗin Halifa Abdullahi kimanin 10,000. Cikin Ansar ɗin, wato mabiya Mahadi, akwai mutanenmu 'yan yamma. Duk ranar da na ratsa ta gindin jirgin nan ɗauke da igiya, sai na tuna abin da bindigoginsa suka yi. Dattawanmu ba su ɓoye mana wannan tarihi ba, kuma ba su ce mu guji kogin saboda shi ba.

A shekarun 1930 aka shigo da samfurin jiragen da suka zama alamar kulob ɗin. Ƙanana ne, da ƙarfe aka yi jikinsu, tsawonsu ɗaya, filafilinsu ɗaya, ba wanda ya fi wani. Dalilin haka a fili yake: idan jirage suka zama daidai, kuɗi ba ya cin tsere, sai gwaninta. A farko Turawa ke riƙe da daffa, wato sandar juya jirgi, 'yan ƙasa kuwa su ke fenti, su ɗinke filafili, su ɗaure jirage da dare. Amma mai gyaran jirgi ya fi mai hawansa sanin halinsa. Da Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1956, Turawa suka yi ta raguwa, daffa ta koma hannun 'yan ƙasa. Rayyis ɗina yana cikin waɗanda suka tashi daga kankare tsatsa zuwa cin kofi.

A da, lokacinmu shi ne sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, sa'ad da iska ke busowa daga arewa, kogi kuma ya kwanta. A Agusta da Satumba ba mai hankalin da zai yi wasa da Shuɗin Nilu, domin ruwan duwatsun Habasha yana sauka da laka da gudu. Da an idar da sallar la'asar sai ka ga mutane suna gangarowa daga ofisoshi da jami'a da kasuwa. Likita da makanike su shiga jirgi ɗaya, kuma wanda ke riƙe da daffa shi ne shugaba, ko da yaron shagon ɗayan ne.

Tseren yana farawa tun kafin a busa usur na tashi. Jirage na kai da komo a bayan layi, kowa na lissafin daƙiƙa, ruwa kuma na tura ka inda ba ka so. Wanda ya riga usur ƙetare layi, sai ya juyo ya sake. In jirage biyu suka nufi juna, wanda iska ke bugun gefensa na dama shi ke da hanya, ɗayan ya kauce. A gaban Hartum kogin yamma ya nufa, zuwa tsibirin Tuti da Mugran inda yake haɗuwa da Farin Nilu, saboda haka iskar arewa a gefe take dukanka. Mai hawa sama yakan rungumi gaɓa, inda ƙarfin ruwa ya ragu. Mai gangara ya shiga tsakiya, ruwa ya goya shi. Sai dai gaɓar arewa, ta Bahri, tana da bishiyoyi da gine-gine masu tare iska, kuma ƙarƙashin gada takan ɗauke ɗif. Rayyis yakan ce mini, "Ɗana, daina kallon filafili, kalli fuskar ruwa. Inda ta yi duhu ta yamutse, can iska take." Da rana ta sunkuya iska takan yi sanyin jiki, kuma a nan ne mai haƙuri ke wuce mai gaggawa. Mukan ɗaure jirage ana kiran magariba, mu yi salla a kan ciyawa, sannan a kawo shayi a yi ta musun wanda ya tare wa wani hanya.

A ƙarshen shekarun 1980 wata ambaliya ta tsinke Malik daga maɗaurinsa ta ɗora shi a kan tudu, ya zauna a nan cikin yashi. Tsere bai tsaya ba. Ya tsallake juyin mulki iri-iri da tsadar fenti da ƙarancin zanen filafili, domin akwai hannayen da suka iya faci da walda. Abin da ya tsayar da shi shi ne yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya mai da tsakiyar Hartum fagen fama, ya warwatsa mu zuwa Masar da Fort Sudan da ƙauyukan iyayenmu.

Ƙarfe in ya lalace ana sake ƙera shi. Sanin inda ruwa ke juyawa a bayan Tuti, da sa'ar da iska ke mutuwa, a ƙirjin mutane yake, kuma masu shi suna tsufa a gudun hijira. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe daffa a wannan kogi, a duk inda yake, ya zaunar da yaro ya koya masa abin da aka koya masa, domin ranar da aka koma bakin ruwa a sami masu tayar da filafili.