Yoyon Fitsari ga Manya: Amfani da Ƙunzugu

Yoyon fitsari shi ne zubar fitsari ba tare da son mutum ba. Yana samun tsofaffi, da masu shanyewar jiki, da matan da suka yi doguwar naƙuda. Ciwo ne, ba ƙazanta ba.

Irin ƙunzugu

Akwai na tsumman auduga, wanda ake wankewa. Akwai na kanti na manya, wanda ake sawa sau ɗaya. Na tsumma ya fi araha.

Yadda ake amfani da shi

1. A canja shi da zarar ya jiƙe, don fitsari yana cin fata.
2. A wanke jiki da ruwa da sabulu, a tsane, a shafa man kaɗanya.
3. A wanke tsumma, a shanya a rana.
4. A ƙulle na kanti cikin leda, kada a jefa shi masai.
5. Da dare, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zane.

Kada a rage shan ruwa, musamman a bazarar Damagaram: ƙarancin ruwa yana ƙara wa fitsari zafi da wari.

Salla

A mazhabar Malikiyya, mai yoyon da ba ya tsayawa yana da uzuri. Kada ya bar salla.

Neman magani

Ƙunzugu yana rufa asiri, amma ba ya warkarwa. Yoyon bayan naƙuda yakan warke da aikin likita. Ana yin aikin a Zinder, da Danja kusa da Maraɗi. A fara zuwa gidan likita mafi kusa.