Musulunci a Ƙasar Gumel: Hanyar Gabas

Gabatarwa

An saba koyar da tarihin addini a ƙasar Hausa kamar a ce komai ya faro ne daga Jihadin 1804. Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa ma'aunin nan bai dace da ƙasar Gumel ba, wato yankin da ya ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin ita daga gabas ta ɗebo addininta da iliminta.

Tushen Masarauta

Mangawa ne suka kafa masarautar wajajen 1750, a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta kuma yi mubaya'a ga Barno. Sarakunan Barno kuwa, tun suna Kanem, sun karɓi Musulunci a ƙarshen ƙarni na 11, zamanin Mai Umme. Da mujahidai suka ci Kano da Katsina da Daura, Haɗeja kuma ta karɓi tuta, Gumel ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Ta baro Tumbi, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, ta zauna a mazauninta na yanzu a 1845, tana gwabzawa da Haɗeja da Kano da Damagaram har zuwan Turawa a 1903.

Muhawarar Malamai

Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da shugabannin Jihadi, kuma Muhammadu Bello ya kawo wasu a cikin Infaƙul Maisuri. Mujahidai sun zargi mutanen Barno da garwaya Musulunci da al'adun gargajiya, irin su yanka ga itatuwa da duwatsu. Al-Kanemi bai musanta aukuwar irin waɗannan abubuwa ba, sai ya kafa hujja da cewa saɓo ba kafirci ba ne, mai salla da azumi kuma ba a halatta jininsa. Wannan muhawara ta shafi talakan ƙasar Gumel kai tsaye, don a wancan zamani hukuncin kafirci shi ne ke halatta a kama mutum a sayar.

Shaidar Harshe

Inda rubutattun takardu suka yi ƙaranci, harshe yakan ba da shaida. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomin "karatu" da "rubutu" ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Haka nan "tsangaya" da "gwani" tushensu na Barno ne, kamar yadda sarautun Galadima da Ciroma da Yarima suke. Almajirin da ya ce za shi gabas neman tilawa, hanyar da kakanninsa suka bi yake nufi, ƙasar Gumel kuwa tana bakin wannan hanya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa Musulunci ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa fiye da ɗaya: Wangarawa daga yamma a zamanin Sarkin Kano Yaji, Barebari daga gabas. Ya kamata masu nazari su tattara tarihin baka daga alarammomi da dattawan Sule Tankarkar da kewaye tun suna raye, saboda abin da littattafan Sakkwato suka tsallake yana nan a bakinsu.