Rikicewar Haila da Neman Haihuwa a Zangon Lome

Cutar da likitoci ke kira PCOS, wadda a asibitocin Togo ake rubuta ta SOPK da Faransanci, ta daɗe tana wahalar da mata tun ba ta da suna. Ƙwayayen haihuwa ne ke kasa nuna, sai su yi cincirindo a ma'ajiyarsu. Daga nan haila ta riƙa tsallake watanni, gashi ya tsiro a haɓa, fatar wuya ta yi duhu, ciki kuma ya ƙi samuwa.

Zangon Lome na fatake ne, Hausawa masu cinikin goro da shanu, kuma ya bunƙasa bayan Jamusawa sun mai da garin cibiyar mulkinsu a 1897. Inda fatake suka sauka, nan masu magani ke sauka. Sai dai a al'adar Hausa alamomin nan ba a ɗauke su ciwo guda ba. Ɗaukewar haila ta ungozoma ce da masu saiwa da sassaƙe, su ba da jiƙo. Rashin haihuwa a kai wa malam, ya yi rubutun sha, ko a ɗora wa iska da namijin dare. Ƙiba kuwa, wadda takan zo tare da cutar, ba wanda ya ɗauke ta cuta, hutu ake ce mata. Abin da ya fi ciwo shi ne gorin juya, wanda sau da yawa kishiya ke biyo bayansa.

Su ma likitocin Turai sun daɗe kafin su haɗa zaren. A 1921 Achard da Thiers na Faransa suka bayyana ciwon sukari a jikin mata masu gemu. A 1935 Stein da Leventhal suka siffanta cutar a kan mata 7 a Chicago, maganinsu kuma tiyata ne, a yanke wani ɓangare na ma'ajiyar ƙwai. Ƙwayar tsarin iyali ta fito a 1960, aka amince da clomifene mai sa ƙwai ya fita a Amurka a 1967. Sai a 1980 aka nuna cewa insulin yakan yi yawa a jinin masu cutar, shi kuma yake ingiza ma'ajiyar ƙwai ta ƙara fitar da sinadarin maza. Wannan ya sa a 1994 aka gwada metformin, tsohon maganin sukari, a kan masu cutar a Venezuela.

Ana cikin haka zangon kansa ya tashi. A 1977 gwamnatin Shugaba Eyadema ta rushe tsohuwar unguwar da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutane zuwa arewa, wajen Agoe, nesa da babban asibitin Tokoin, wanda yau ake kira Sylvanus Olympio.

Maganin zamani ya zo da nasa ƙullin. Ƙwayar da ke daidaita haila ta rage gashin haɓa, ita ce dai ake kira maganin hana haihuwa, don haka ba ta yi wa mai neman ciki. Mai neman ciki kuwa, letrozole ko clomifene, masu sa ƙwai ya fita, ake ba ta, a haɗa da metformin idan insulin ya yi yawa, tare da rage ƙiba da motsa jiki.