Asalin Ƙugiya da Taru: Daga Dufuna Zuwa Abijan

Bahaushen da ya shiga kasuwar Ajame ko ta Tireshibil a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, ya sayi karfasa ya kai gida, ba lallai ne ya tambayi da me aka kama ta ba. Amma waɗannan unguwanni biyu masunta ne suka fara zama a cikinsu. Ajame ƙauyen Ebiriye ne tun kafin zuwan Faransawa. Tireshibil kuwa Anumabo ake ce da ita, kafin a ba ta sunan wani Bafaranshe mai suna Treich-Laplène. Tafkin da ke tsakiyar birnin ya kai wajen kilomita 130 a tsawo, shi ne kuma gonar mutanen Ebiriye tun kaka da kakanni.

Su tsohuwar sana'a ce ƙwarai. A Katanda ta ƙasar Kwango an tono masu na ƙashi masu haƙora, waɗanda masana suka ce sun yi wajen shekara 90,000. A wani kogo a tsibirin Okinawa na Japan an sami ƙugiyoyi na ɓawon dodon koɗi masu wajen shekara 23,000. A ƙasar Najeriya ma akwai shaida. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani itace. Ashe kwalekwale ne da ya fi mita 8 a tsawo, mai wajen shekara 8,000. Ba a sami wanda ya girme shi ba a dukan Afirka.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san waɗannan kaya. Siman da Andarawas suna jefa taru sa'ad da aka kira su, wato irin wanda Hausawa ke kira birgi. 'Ya'yan Zabadi kuwa suna cikin jirgi suna gyaran nasu. A Matiyu sura 17 an ambaci ƙugiya. Gyaran nan aikin kullum ne, gama zaren da aka murza daga tsiro yakan ruɓe idan ya daɗe a ruwa.

Haka yake a ƙasar Hausa. Sarkawa da Kabawa sukan murza zaren rama ko na auduga su saƙa koma da taru. Gora ke riƙe masunci a kan ruwa, ita ce kuma rumbun kifinsa, kamar yadda ake gani a bikin Argungu wanda aka soma a shekarar 1934. Maƙeri ke ƙera ƙugiya da zago. A tafkin Ebiriye kuwa, mutane sukan taru su kafa shingen itace a cikin ruwa, su ɗana tarko na gwangwala a bakinsa. Shingen ba na mutum ɗaya ba ne. Dattawa ke sa lokacin kafa shi, su ke kuma raba abin da ya kama.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da abu guda. Kayan dā suna da iyaka a jikinsu. Saƙa taru yakan ci watanni. In an yi su, dole a shanya shi, a ɗinke inda ya yage. Duk ranar da taru ke kan yashi yana shan iska, kifi yana hutawa, ƙanana suna girma. Ba wanda ya rubuta wannan doka, raunin zare ne ya kafa ta.

Abubuwa biyu suka sāke wannan zama. Na fari, a shekarar 1950 aka fasa mashigin Biridi, aka haɗa tafkin da teku domin manyan jirage su shigo. Ruwan gishiri ya yi yawa a gefen birni, Abijan kuwa ta cika da baƙi masu bukatar abinci, har da Hausawa 'yan kasuwa daga Nijar da Najeriya. Na biyu shi ne zaren nailan, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1935. Daga shekarun 1950 ya bazu a ruwayen Afirka ta Yamma. Ba ya ruɓewa, ba ya bukatar shanya, sirararsa kuma kifi ba ya ganinsa sosai. Hausawa na cewa kifi na ganinka, mai jar koma. To, ga koma ta zo wadda ta gagari idon kifi. Ƙugiyar maƙeri ma ta ba da wuri ga ta masana'anta, irin ta kamfanin Mustad na Norwe, wanda ya soma ƙera ƙugiya a shekarar 1877.

Da fari kowa ya yi murna. Amma masu kuɗi suka sayi manyan taruna masu ƙananan idanu, suka ɗauki 'yan ƙwadago, suna kwashe babba da ƙarami. Mai ɗan kwalekwale ya riƙa komowa gida hannu wofi. Ƙauyukan bakin tafkin suka tashi tsaye, har a cikin shekarun 1980 aka hana su da manyan tarunan nan a tafkin Ebiriye. Iyakar da raunin zare ya kafa a dā, sai da mutane suka sāke kafa ta da bakinsu, bayan husuma da hasara.

Saboda haka masuncin Yawuri, da na Tafkin Cadi, da na Abijan, tambaya ɗaya ke gabansu sa'ad da suke zaɓen taru a kasuwa: yaya faɗin idonsa? Idon da ɗan kifi zai wuce ta cikinsa shi ne abincin 'ya'yan masunci baɗi. Wanda ya tsuke shi ya ci yau, ya kuma ci rabon gobe tare.