Tarihin Waken Gwangwani

Duk wanda ya taɓa halartar walimar biki a manyan garuruwanmu, aka zuba masa haɗin latas da karas da dafaffen ƙwai, ya ga waɗansu 'yan ƙananan wake a ciki, suna iyo cikin jan romo mai zaƙi-zaƙi. Shi ne mu ke kira waken gwangwani. In mutum ya ɗauki gwangwanin ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa da Turanci, zai ga an ce gasasshen wake ne. Amma da zai bi sawu har ma'aikatun da a ke yin galibinsa, ba zai tarar da tanderu ba, balle gashi. Sunan nan gado ne. Ya gaje shi daga wata tukunyar ƙasa, wadda matan wani yanki na Amurka suka yi shekara da shekaru suna kwantar da ita cikin tanderu kowane daren Asabar, kafin gwangwani ya zo ya ƙwace mata kasuwa.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani, waken nan ba irin namu ba ne na ƙosai da alale. Namu ɗan Afirka ne, shi kuwa wannan asalinsa ƙasashen Amurka. Tun kafin Turawa su san da akwai wata ƙasa a hayin teku, mutanen wurin na asali suna nomansa. Sukan shuka shi gona ɗaya da masara da kabewa, waken ya hau karan masara, kabewa kuma ta yi yaɗo ta rufe ƙasa ta hana ciyawa. Irin da a ke sawa cikin gwangwani fari ne ƙarami. A Amurka ana kiransa waken mayaƙan ruwa, domin tun cikin ƙarni na 19 shi ne babban abincin da a ke ba sojan jiragen ruwansu.

A cikin shekarar 1620 waɗansu mutanen Ingila masu tsananin riƙon addinin Kirista suka ƙetare teku, suka sauka a gaɓar arewa maso gabas ta Amurka. 'Yan'uwansu suka biyo su, cikin 1630 suka kafa birnin Boston. Yankin nan duka shi a ke kira Sabuwar Ingila. Tun a gida sun saba da faten busasshen wake irin nasu da nama mai gishiri, saboda haka da suka tarar da waken sabuwar ƙasa ba su yi baƙunta da shi ba. Ƙasar kuwa mai tsananin hunturu ce, wata da watanni ƙanƙara na rufe gonaki. Abincin da zai yi ajiya shi ne abin so, busasshen wake da naman alade da aka jiƙa da gishiri cikin ganga kuwa ba su lalacewa da wuri.

Abin da ya mai da wannan fate gasasshe shi ne dokar addininsu. A wurinsu ranar hutu tana kamawa tun daga faɗuwar ranar Asabar har faɗuwar ranar Lahadi, a tsakani ba a noma, ba a ciniki, ba a girki. To, ciki kuwa bai san ranar hutu ba. Sai matan suka sami dabara. Tanderunsu na jan bulo ne, ana hura wuta a cikinsa har ya yi zafi, sa'an nan a kwashe garwashin a sa abinci. Ran Asabar sai a fara da burodi sa'ad da zafin ke da ƙarfi, in ya fara sauka a tura tukunyar wake can ƙurya a rufe. Da magariba a ɗebi na cin dare, a mai da sauran. Bulon nan yana riƙe da ɗumi har wayewar gari, da safe iyali su karya da wake mai ɗumi, ba wanda ya taɓa wuta, ba wanda ya keta doka. Daga baya, a cikin birane, masu gidan burodi suka mai da abin sana'a. Ran Asabar da safe sukan bi gida gida su karɓi tukwane, su gasa, su komo da su tare da wani baƙin burodi da a ke ci da shi.

A farkon zamani gishiri da nama kaɗai ke cikin tukunyar. Zaƙi daga baya ya shiga, labarinsa kuwa ba mai daɗi ba ne. In an dafa ruwan rake an fid da sukari, akwai wani baƙin maɗi mai kauri da danƙo da ke saura, ɗanɗanonsa kusa da na mazarƙwaila. Ana samunsa da yawa a tsibiran Karibiyan, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ke noman rake a bakin bulala. Jiragen Sabuwar Ingila sukan ɗauko shi ganga ganga, a dafa shi a yi barasa, waɗansu jiragen kuma su kai barasar gaɓar Afirka ta Yamma su musanya da mutane. Cinikin ya yi ƙarfi har Majalisar Ingila ta aza masa haraji na musamman cikin 1733. Da haka baƙin maɗi ya yi araha a Boston fiye da sukari, talaka ma yana iya sayensa, sannu a hankali ya sami hanyar shiga tukunyar wake. Shi ya ba waken Boston duhun launinsa da zaƙinsa, har aka yi wa birnin laƙabi da Garin Wake. Wanda ya ɗanɗana zaƙin nan ya kamata ya tuna da waɗanda suka yi guminsa.

Wata malamar koyar da girki a Boston, Fannie Farmer, ta buga littafi cikin 1896, ta bayyana yadda a ke yinsa. A jiƙa wake ya kwana. Da safe a sake ruwa a dafa shi sama-sama, a ɗebi kaɗan a cokali a hura masa iska, in fatar ta tsage ya isa. Sa'an nan a juye cikin tukunyar ƙasa mai ƙaramin baki, a binne nama a ciki, a sa gishiri da baƙin maɗi da ɗan sukari, a rufe, a gasa a hankali sa'a shida zuwa takwas, ana ƙara ruwa in ya tsotse. In an haɗa da jiƙo, aikin ya kusa cin kwana guda cur. Mai haƙuri, in ji Bahaushe, shi kan dafa dutse.

Ko a wannan zamani ba a taru an zama ɗaya ba wajen yadda a ke sonsa. Mutanen Boston suna son ƙaramin farin wake. Na jihar Maine da yawa sun fi son manya, kamar wani mai ɗigon rawaya a ido. A dazuzzukan Maine ɗin, masu dafa wa 'yan saran katako abinci ba su da tanderu, sai su haƙa rami, su ƙona itace a ciki har ya zama garwashi, su sa tukunyar ƙarfe, su binne ta da ƙasa ta kwana. A jihar Vermont da lardin Quebec na Kanada kuma, maimakon baƙin maɗi sukan zuba ruwan zaƙi da a ke tatsa daga itacen mapul. Kowace uwar gida tana ganin nata shi ne na gaskiya.

Ana nan a kan haka, can a Faransa wani mai yin alewa, Nicolas Appert, ya gano cewa in an zuba abinci cikin kwalba, aka toshe ta sosai, aka dafa ta cikin ruwa, abincin yakan daɗe bai ruɓe ba. Gwamnatin Napoleon tana neman hanyar ciyar da mayaƙanta a nesa, ta ba shi ladan faran 12,000, ya buga bayanin dabarar cikin 1810. Shi kansa bai san dalilin da ya sa abin ke yiwuwa ba. Sai bayan shekara hamsin Louis Pasteur ya nuna cewa waɗansu ƙananan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani, ke ruɓar da abinci, zafi kuwa yana kashe su. A shekarar 1810 ɗin nan Peter Durand ya yi rajistar dabarar a Ingila, har da yin ta cikin mazubin ƙarfe mai rufin kuza. Cikin 1813 Bryan Donkin da John Hall suna da ma'aikata a Landan, suna sayar wa rundunar jiragen ruwa nama a gwangwani. Gwangwanayen farko masu kauri ne ƙwarai, da guduma da kurfi a ke fasa su. Mabuɗin gwangwani bai fito ba sai 1855 a Ingila, da 1858 a Amurka.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, shi ya saba wa mutane da yawa da abincin gwangwani. Bayan yaƙin birane suka cika da 'yan ƙwadago, maza da mata, waɗanda ke fita tun asuba su komo da dare. Macen da ta yini a gaban inji ba ta da sa'a takwas da za ta ba tukunya, ɗakin hayarta ma ba tanderu. Nan 'yan kasuwa suka hango riba. Amma akwai abu guda da ya tsaya musu, watau rashin amincewa, domin mai saye ba ya ganin abin da ke cikin gwangwani, algus kuwa ya yi yawa a lokacin. Henry John Heinz, ɗan waɗansu Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa yankin Pittsburgh, ya fahimci wannan. Sa'ad da ya fara sana'a cikin 1869, wani yaji na saiwa ya ke niƙawa, ya zuba cikin farar kwalba don kowa ya ga ba haɗi. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare kamfaninsa ya shiga yin wake da romon tumatir. Cikin 1906 da Amurka ta yi dokar hana algus da ƙarya a jikin kayan abinci, yana cikin masu goyon bayanta, tallace-tallacensa na wancan zamani kuma suna alfahari da cewa wakensu a tanderu aka gasa shi kafin a zuba a gwangwani.

Abin mamaki shi ne yadda waken ya koma Ingila. Cikin 1886 Heinz ya je Landan da samfurin kayansa, ya shiga Fortnum & Mason, kantin da ke sayar wa sarakuna da attajirai, suka yarda su karɓa. Da waken ya iso, da farko abin marmari ne daga ƙasar waje, mai tsada. Cikin 1928 aka fara yinsa a Ingila kanta, a unguwar Harlesden ta Landan, farashi ya sauko. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nama ya yi wuya har sai da kati a ke samunsa, Ma'aikatar Abinci ta sa waken gwangwani cikin abincin da jama'a ba su iya yi ba tare da shi ba. A lokacin ne kuma aka cire ɗan naman alade da ke ciki, bai sake komawa ba cikin irin da aka fi saye a can. Cikin 1959 kamfanin ya buɗe wata ƙatuwar ma'aikata a Kitt Green, kusa da garin Wigan. Yaran da suka tashi cikin yaƙi da bayansa sun girma da wake a kan gasasshen burodi, su kuma suka ba 'ya'yansu.

Irin wannan na Ingila, wanda shi ne kamar wanda mu ke gani a kantunanmu, ba a gasa shi. Ana wanke busasshen wake, a ɗan turara shi ya yi taushi, a zuba cikin gwangwani tare da romon tumatir da sukari da gishiri, a like, sa'an nan a dafa gwangwanin gaba ɗaya cikin tururi mai zafin da ya zarce na tafasar ruwa. Gwangwanin shi ne tukunyar. A Amurka an sami waɗanda suka riƙe tsohuwar hanya. Kamfanin Burnham & Morrill ya yi ta gasa wake cikin tanderun bulo a birnin Portland na jihar Maine tun daga shekarun 1920, har 2021 da aka rufe wannan ma'aikata.

To, wanne ya fi, na tukunya ko na gwangwani? Masu son na gida suna da hujja. Waken da ya kwana a wuta yakan sha romo har cikinsa, ya yi duhu, ya yi ƙamshi, mai dafawa kuma ita ke da iko da yawan gishiri da sukari. Har yanzu a ƙauyukan Maine akwai majami'u da ƙungiyoyi da ke shirya cin wake na taro ran Asabar da yamma. Masu gwangwani su ma suna da tasu hujja: yana da araha, yana ajiyuwa, cikin minti biyar an ɗumama an ci. Akwai kuma 'yan tsakiya, musamman a Amurka, waɗanda ke buɗe gwangwani su juye a kasko, su ƙara albasa da jan sukari da nama mai hayaƙi, su sa a tanderu sa'a guda, su ce na gida ne.

Amma tarihin Ingila ya nuna mana cewa gardamar ba a kan harshe kaɗai ta tsaya ba. Mutumin Sabuwar Ingila wanda kakarsa ta ciyar da shi daga tukunyar ƙasa, in an ba shi na gwangwani sai ya ce ruwa-ruwa ne, ba shi da rai. Mutumin Ingila kuwa bai gaji tukunyar ba, gwangwani ya buɗe ido ya gani a hannun uwarsa, in an ba shi na Boston sai ya ce ya cika zaƙi da nauyi, ba wake ba ne. Kowannensu abin da ya ci yana yaro ya ke nema, shi ya ke kira na asali. Tukunya an ƙago ta ne don mutanen da addini ya hana su aiki yini guda, gwangwani kuwa don mutanen da aiki ya hana su zama ko da yini guda. Saboda haka wanda ya ke da lokaci da itace, ya jiƙa wakensa ya ɗora tukunya. Wanda ba shi da su ya buɗe gwangwaninsa ya ci, ba abin kunya a ciki, sai dai ya sani sunan gashin da ke jikinsa na matan Boston ne, aro aka yi.