Hype Williams: Gwanin Minti Huɗu

Mu marubuta mun fi kowa sanin zafin aiki ya yi suna, mai shi kuwa ba a san da zamansa ba. Haka masu shirya bidiyon waƙa suka zauna a Amurka shekara da shekaru. An buɗe gidan talabijin na MTV a 1981, amma sai a 1992 ya fara rubuta sunan darakta a ƙasan waƙa tare da na mawaƙi. Daidai wannan lokaci ne Harold Williams, wanda aka fi sani da Hype, ya soma ɗagowa.

An haife shi a 1970 a unguwar Queens ta birnin New York. Kafin zuwansa, akasarin bidiyon mawaƙan gambarar zamani a lungu ake ɗaukarsa, ga samari tsaitsaye, ga bango ya sha zane, kuɗin aikin kuma bai taka kara ya karya ba. Shi ma ta nan ya biyo, alal misali aikin da ya yi wa ƙungiyar Wu-Tang Clan a 1994. Daga baya ya sauya salo. Ya ɗauko madubin kyamara da ake kira idon kifi, wanda ke kumbura fuska ya lanƙwasa ɗaki, ya cika hoto da launi da ƙyalli. Da shi ya fito da Busta Rhymes a 1996, sannan a 1997 ya nuna Missy Elliott cikin wata baƙar riga da aka hura wa iska kamar balan-balan. A shekarar ce kuma ya sa Puff Daddy da Mase cikin tufafi masu walƙiya. Wasu sun zarge shi da tallar almubazzaranci, kuma zargin bai rasa tushe ba. Amma a ganinmu ya ba mawaƙa baƙar fata girman da a da sai taurarin Hollywood ake ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne fim ɗinsa na 1998, Belly, wanda Nas da DMX suka fito a ciki, shi kansa kuma ya rubuta. Har yau masana fim suna yaba mintocinsa na farko: 'yan fashi sun kutsa gidan rawa cikin shuɗin haske, idanunsu na ƙyalli kamar na kyanwa, wata murya na rera waƙa ba kiɗa. To, daga nan fa sai labari ya fara tangaɗi. A bidiyo, waƙa ce ke riƙe zaren, darakta ado kawai yake mata. A dogon fim kuwa babu mai riƙe zaren sai rubutu. Mutanen cikin fim ɗin suna sauya hali ba tare da an shimfiɗa dalili ba, kuma ɗaya daga cikinsu ya ƙudura komawa "Afirka", kai ka ce sunan wani gari ne guda. Masu sharhi suka yi masa ca, gidajen sinima na Magic Johnson suka ƙi nuna shi saboda yadda ya siffanta baƙar fata.

Ya koma fagen da ya fi ƙwarewa. Ya yi wa TLC aiki a 1999, Kanye West a 2005, Beyoncé a 2013, MTV kuma ta ba shi lambar girmamawa ta Video Vanguard a 2006. Belly ya samu masoya daga baya ta hanyar kaset da faifai, amma Williams bai sake fitar da dogon fim irinsa ba.